Hunturu: Yadda direba zai wanke gilashin motarsa ba tare da ya jawo wa kansa asara ba

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma mai son ciniki ba ya jiran rana ta fito. Tun daga yammacin Laraba har hantsin Alhamis, hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Gujungu da Gagarawa da Gumel ba ta rabuwa da motoci. Ga tirelolin da ke zuwa lodin shanu, ga ƙananan motocin haya maƙare da fatake, ga masu sayen riɗi da zoɓo. Mutanen Sule Tankarkar da ƙauyukanta na shigowa ta yamma, baƙi daga Jamhuriyar Nijar kuma ta arewa.

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan sammako yakan haɗu da sanyin Asuba da hazo. Direba ya fito ya tarar ƙura ta lulluɓe gilashin gaba. Fasinjoji su shiga, kowa ya ja tagarsa ya rufe saboda ɗari. Kafin a fita gari gilashin ya yi fari fat ta ciki, sai ka ga direba riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana ta goge gabansa da tsumma ko hula.

A wannan lokacin ne kuma titin ya fi cika da abubuwan da ba su da fitila: amalanken shanu, garken awaki, raƙuma, masu keke, da yara masu tafiya makaranta a gefen kwalta.

A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, share gilashi da safe darasi ne da ake koya wa kowane sabon direba. A masarautar Gumel ruwa ba ya daskarewa a kan mota, amma matsalar ɗaya ce: mutum na tuƙi alhali ba ya ganin gabansa sosai. Kuma kurakuran da ke fasa gilashi a can su ne ke fasa shi a nan.

Daga ina hazon yake tasowa?

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ƙetaro hamadar Sahara. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yake tashi. Wurin busasshen gindin wani tsohon tafki ne, kuma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har wata takan ƙetare tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon.

Garuruwan da ke bakin iyaka irin su Maigatari na cikin waɗanda ke fara karɓar wannan ƙura a Najeriya. Gumel kanta kimanin kilomita 20 ne tsakaninta da iyakar Nijar, tsakaninta da Kano kuma kimanin kilomita 120.

Idan hazon ya yi kauri, Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan yi gargaɗin cewa nisan da ido ke iya hangowa zai ragu zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka. A irin waɗannan ranaku ne ake jinkirta tashi da saukar jirage a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Matuƙin jirgi yana da wanda zai ce masa ya dakata. Direban hanyar Gumel kuwa shi ne zai yanke wa kansa hukunci.

Sannan iskar hunturu busasshiya ce, ba ta riƙe zafi da dare. Shi ya sa wasu ranaku sanyin Asuba kan sauka kusa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, da azahar kuma zafi ya haura kusan 30. Gilashin mota na shan wannan sauyi kullum.

Me ke sa gilashi yin gumi ta ciki?

Mutane da dama na ɗaukar farin da ke rufe gilashi a matsayin hazon waje ne ya shigo. A gaskiya numfashin mutanen da ke cikin motar ne.

Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya ɗaukar danshi. Idan aka auna iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, a digiri 30 tana iya riƙe ruwa kusan giram 30. A digiri 10 kuwa ba ta wuce giram 9 da ɗoriya. Duk abin da ya haura haka dole ya sauka ya zama ɗigon ruwa.

Numfashin mutum yana fitowa da ɗumi, cike da danshi. Ka ɗauki motar Sharan ko Golf da aka cika da fasinja gaba da baya, an rufe tagogi ruf. Cikin 'yan mintoci iskar ciki ta jiƙe. Da ta taɓa gilashin da ya kwana cikin sanyi, sai ta huce, ta sauke ruwanta a jikinsa. Abin da ke faruwa ke nan idan aka zuba ruwan sanyi a kofin silba, jikinsa ya yi naso.

Datti na ƙara tsananta lamarin. Ƙura da maiƙo da hayaƙin sigari da ke manne a cikin gilashi su ne ɗigon ruwan ke kamawa. Gilashi mai tsabta ya fi jinkirin yin gumi, ya kuma fi saurin washewa.

A nan ne gogewa da tafin hannu ke ɓata abu. Lokacin hunturu kusan kowa ya shafa basilin ko man kaɗanya saboda kaushi. Hannun da ya sha mai idan ya goge gilashi, zai ɗan washe na minti ɗaya, amma ya bar shafin maiƙo. Da fitilar wata mota ta hasko, ko rana ta fito, sai wurin ya koma dishi-dishi. Hula da hannun riga da tsumman da aka goge inji da shi duk haka suke yi.

Maɓallin da aka manta da shi

Yawancin motocin da ke bin wannan hanya 'yan Kwatano ne, an ƙera su ne domin Turai ko Amurka, inda sanyi ya fi namu nesa ba kusa ba. Saboda haka sun zo da maganin wannan matsala a jikinsu.

Ka duba inda ake kunna fanka da AC. Za ka ga wata alama mai kama da gilashin gaba, samanta a lanƙwashe, da kibau uku masu karkace suna kallon sama. Wannan ita ke tura iska ta ƙananan ramukan da ke gindin gilashin gaba. Akwai kuma irinta mai kusurwa huɗu, ita ce ta gilashin baya. Alama ta uku hoton mota ce da kibiya ta lanƙwashe a cikinta. Idan tana kunne, motar na juya iskar ciki ne kawai, ba ta shigo da ta waje.

Ga yadda ake haɗa su:

1. Tada inji, ka juya iska zuwa alamar gilashin gaba.

2. Kashe maɓallin juya iskar ciki. Wannan shi ne inda aka fi kuskure, domin direbobi kan bar shi a kunne don gudun ƙura. Muddin yana kunne, numfashin fasinja ne ke ta zagayawa.

3. Kunna AC ko da ana sanyi. Aikinta bai tsaya ga sanyaya iska ba, tana tsotse danshin da ke cikinta. Ruwan da kake gani yana ɗiga ƙarƙashin mota idan AC na aiki, shi ne wannan danshin. A motoci da yawa ma da ka zaɓi alamar gilashin gaba, AC ke kunna kanta.

4. Murɗa ma'aunin zafi zuwa ɓangaren ja sannu a hankali, ka ƙara ƙarfin fanka. AC ta busar da iska, hita ta ɗumama ta, gilashi ya washe, fasinja kuma ba su ji sanyi ba.

5. Danna na gilashin baya. Siraran layukan da ke kwance a jikinsa wayoyi ne da ke ɗaukar ɗumi idan lantarki ya bi ta cikinsu. Kankare su da reza wajen cire sitika ko baƙar leda na tsinka su.

6. Kada ka motsa sai gilashin gaba ya washe gaba ɗaya, da tagogin gefe inda kake kallon madubi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direbobi da dama sun daina taɓa AC don tattalin mai. Uzuri ne da ake fahimta. Sai dai man da za ta sha cikin minti uku ko biyar bai kai kuɗin fitila ɗaya da za ta fashe ba, balle diyyar saniyar wani.

Idan motar ba AC, ba hita

Da yawa daga motocin haya AC ɗinsu ta daɗe da mutuwa. Hita ma haka. Zafin hita daga ruwan lagireto yake zuwa, ta wata 'yar ƙaramar lagireto da ke ɓoye a bayan dasbod. Idan ta fara yoyo, wasu kanikawa kan toshe bututunta kawai, su ce ai ƙasarmu ba ta buƙatar hita. Wasu kuma kan cire tamostat, abin da ke sa inji ya daɗe bai yi ɗumi ba da safe.

Mai irin wannan mota yana da abu ɗaya da ya fi direban Turai sa'a a kansa: iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai. Sauke tagogin gaba biyu kamar faɗin yatsu biyu ya isa iskar waje ta shigo ta kwashe danshin. Buɗe ɓangare biyu ya fi ɗaya, domin iska ta samu mashiga da mafita. Fasinja za su yi ƙorafin sanyi, amma gara su ƙara rufa da mayafi da direba ya yi ta lalube.

Ya kamata kuma a ware tsumma guda mai laushi, busasshe, wanda ba a taɓa komai da shi sai gilashi. A ajiye shi cikin leda. Duk mako a wanke cikin gilashin da ruwa da ɗan sabulu kaɗan, a ɗauraye, a goge har ya bushe. Kuma duk gogewar da za a yi, a tsaye ake yin ta.

Abu biyu na nuna akwai aikin bakanike. Idan fanka na ƙara amma iska kaɗan ke fitowa, galibi matatar iskar cikin mota ce ƙura ta toshe. A motoci da yawa tana bayan aljihun dasbod na ɓangaren fasinja. Idan kuma gumin da ke kan gilashi na da santsi, ana jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto na raguwa, to 'yar lagireton hita ce ke yoyo. Gogewa ba za ta yi maganinsa ba.

Haɗarin ruwan zafi

Da sanyin safiya ruwan zafi ba ya wuyar samu. Ga ragowar na alwala a buta, ga tukunyar mai shayi a tasha. Idan raɓa ta sauka kan ƙura ta zama taɓo, kamar yadda ake gani a ƙarshen kaka da wuraren da ke kusa da fadama, sai zuciya ta raya wa mutum ya watsa ruwan zafi ya huta.

Gilashi ba ya saurin watsa zafi a jikinsa. Inda tafasasshen ruwa ya taɓa zai buɗe nan take, gefensa kuma na nan a takure da sanyi. Wannan ja-in-ja ita ke tsaga shi. Matan da suka taɓa zuba shayi mai zafi a kofin gilashi mai sanyi sun san ƙarar.

Gilashin gaba fallaye biyu ne da aka manne da wata siririyar roba a tsakiya. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Édouard Bénédictus, ya yi rajistar wannan fasaha a 1909. Robar ce ke hana shi tarwatsewa a fuskar mutane idan an yi karo. Amma ba ta hana shi tsagewa.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne gilashin da tsakuwa ta riga ta sara. Motar da ke bin bayan tifa ko tirela da wuya ta rasa irin wannan tabo. Ɗan tabon da ya yi wata shida bai motsa ba, kofi ɗaya na ruwan zafi na iya ja shi daga wannan gefe zuwa wancan. Buɗe hita a ƙarshen zafinta lokaci guda a kan gilashi mai tabo ma na iya yin haka, shi ya sa ake cewa a ƙara zafin a hankali.

Akasin haka ma gaskiya ne. Motar da ta wuni a rana a bakin kasuwa, musamman idan bazara ta kawo jiki a Maris da Afrilu, ba a watsa wa gilashinta fiya wata mai ƙanƙara.

Ruwan randa ko na rijiya, wanda ba zafi ba ƙanƙara, shi ne daidai a kowane lokaci.

Idan tsakuwa ta sari gilashi, a manna farin salatif a kai don kada ƙura da ruwa su shiga, a kai wa masu gyara da wuri. Tabon da bai fi murfin kwalbar lemo ba galibi ana iya cike shi da gam na musamman, in dai ba a bakin gilashin yake ba, ba kuma daidai idon direba ba. Wanda ya yi tsawo kuwa sai canji. Jinkiri na da haɗari, domin a motocin zamani gilashin gaba na taimaka wa rufin mota idan ta kife, kuma a jikinsa balan-balan ɗin kariya na fasinjan gaba ke dogara idan ya buɗe.

Ƙura da waifa

Wata Ba'amurkiya mai suna Mary Anderson ce ta yi rajistar na'urar share gilashi a 1903, bayan ta ga yadda direban taragon birnin New York ke fama da ƙanƙara a gilashinsa. Domin ruwa aka yi ta. Ba a yi ta don busasshiyar ƙura ba.

Ƙurar da ke kwanta a mota na ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, kuma yashi ya fi gilashi tauri. Kunna waifa a bushe daidai yake da goga gilashin da samfefa. Rana ɗaya ba za a ga komai ba. Bayan hunturu biyu ko uku sai a ga zane-zane masu lanƙwasa daidai inda direba ke kallo, kuma waɗannan ba sa wankuwa.

Abin yi shi ne a fara kwarara ruwa daga sama ya gangaro da ƙurar, a ɗaga waifa a goge robarta da jiƙaƙƙen tsumma, sannan a share. Yaran da ke goge gilashi a tasha da shingayen hanya ma a ce su fara jiƙa shi sosai.

A riƙa duba tankin ruwan waifa kowace safiya. A hunturu yana saurin ƙarewa, kuma ƙura kan toshe ramukan da ke fesa ruwan, wanda allura ke iya buɗewa. Zuba omo a tankin na barin fari-fari a gilashi, yana kuma busar da roba. Ruwa mai tsabta da aka tace, ko ruwan wanke gilashi da ake sayarwa a shagunan kayan mota, ya fi.

Robar waifa kan bushe ta tsattsage tun kafin damina, saboda rana da bushewar iska. Idan ta fara ƙara ko barin layi, lokacin canji ya yi. In aka bari ƙarfen ya fito, shi zai karce gilashin.

Mai iya rufe gilashin da tsohon zani ko kwali da dare ya rage wa kansa rabin aikin safe. Fitilun gaba da na baya da madubai su ma a wanke su, domin ƙura na rage haskensu ƙwarai.

Rana a ido

A watannin Disamba da Janairu rana na fitowa a wannan yanki wajen ƙarfe bakwai saura kwata, ta gabas maso kudu, ta kuma faɗi ta yamma maso kudu. Wanda ya tashi daga Gumel zuwa Malam Madori da Haɗejia da safe, rana ce ke fuskantarsa. Wanda ya taso daga kasuwar Maigatari da La'asar sakaliya ya nufi Kano, ita zai yi ta kallo har Magariba, ga gajiyar wuni.

Duk wani karce da maiƙo da ƙura da ke jikin gilashi a wannan lokacin suke bayyana, domin suna tarwatsa haske. Gilashin da ake gani garau da tsakar rana sai ya koma fari. Saboda haka wankin safe bai wadatar ba, a sake wani kafin a juyo gida.

Lissafin da ya kamata direba ya riƙe

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci da motocin haya kilomita 50 a awa a cikin gari, da 80 a babbar hanya. Tirela da tanka kuwa 45 a gari, 50 a babbar hanya. Wannan iyaka ce ta ranar da gari ya washe.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa na cin mita 22 duk daƙiƙa ɗaya. Direban da ya ɗauke hankalinsa na daƙiƙa uku yana goge gilashi ya yi tafiyar mita 66 ke nan, fiye da rabin filin ƙwallo.

A lissafin dokar hanya ta Birtaniya, ƙaramar mota mai lafiyayyen birki da taya, a busasshen titi, na buƙatar mita 53 kafin ta tsaya cak daga gudun kilomita 80. A gudun kilomita 96 kuwa mita 73. Motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima, ko tirela cike da shanu, ta fi haka nesa.

Ma'anar wannan ita ce, idan ba ka hango abin da ya wuce mita 50 ba, gudun 80 ya riga ya yi maka yawa. Ka'idar ba ta da wuya: kada gudunka ya wuce inda idonka ya tsaya.

A cikin hazo a kunna fitila ko da rana ce, domin na gaba da na baya su gan ka. Amma a bar ta a dim. Babbar fitila ƙura take haskawa, hasken ya dawo idon direba. Mai fitilun hazo na ƙasan bamba ya kunna su. A ƙara tazara, a haƙura da obatekin, kuma kada a maƙale wa jar fitilar motar gaba, domin in ya kauce hanya tare za ku kauce.

Idan abin ya gagara, a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a kunna sigina biyu, a ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku nesa da motar. Ganyen da aka saba zubawa a titi ba ya ganuwa a hazo. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ita ce 122, kuma kyauta ce.

Hayaƙin da ba a gani

Direbobin da ke kwana a mota daren Laraba suna jiran lodi na fuskantar wani haɗarin daban. Sanyi kan sa wasu su rufe tagogi su bar inji na aiki, wasu su shigo da kaskon garwashi.

Hayaƙin salansa da na gawayi na ɗauke da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai ne da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai. Tsohuwar mota mai fasasshiyar salansa ko hujajjen ƙasa ta fi haɗari.

Haka nan ɗumama mota a rufaffen gareji ko zaure. A fito da ita fili tukuna. Bargo biyu sun fi kasko aminci.

Inda ƙanƙarar take da gaske

Ba sai an je Turai ba. A can arewacin Nijar, a yankin Bilma da duwatsun Azbin, sanyin dare kan sauka har ƙasa da sifili a wasu shekarun, kuma direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Libiya sun san wannan. Idan sama ta washe ba gajimare, gilashi kan fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, har raɓa ta daskare a kansa tun ma'auni bai kai sifili ba.

Ga kuma 'ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Ingila da Kanada da Turkiyya da Rasha, waɗanda hunturun farko kan zo musu da mamaki. Matakan da aka lissafa a sama su ne dai, da ƙarin kaɗan. A tabbatar waifa a kashe take kafin a tada inji, domin robarta kan manne da gilashi, ta yage ko injinta ya ƙone. A kankare ƙanƙarar da abin kankara na roba, ba wuƙa ko cokali ba. Akwai ruwan feshi mai narkar da ita da ake sayarwa a gidajen mai. Ruwan waifa ma na musamman ne, wanda ba ya daskarewa. Ruwan zafi a can ya fi haɗari, domin bayan tsaga gilashi, wanda ya zuba ƙasa zai daskare ya kayar da mutum.

A Birtaniya doka ta wajabta share dukkan tagogi da fitilu da lambar mota kafin a tashi. Buɗe 'yar kafa daidai ido a kama hanya laifi ne. Barin mota a kunne a bakin titi ba kowa a ciki shi ma laifi ne, kuma ɓarayin mota irin wannan safiya suke jira.

Ba direba kaɗai ba

A tashoshin Gumel da Maigatari, sau da yawa matsin lambar daga fasinja take fitowa. Kowa na son ya riga wani isa kara, kowa na son a rufe taga. Direban da ya tsaya wanke gilashi sai a ce yana ɓata wa mutane lokaci. Hausawa kuwa sun ce sauri ya haifi nawa.

Fasinjan gaba na iya taimakawa ta hanyar sauke tagarsa kaɗan, da kwashe kaya da takardun da ake tarawa a kan dasbod, waɗanda ke toshe ramukan iskar. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan kamasho na iya ajiye duro ɗaya na ruwa a bakin layi, su kuma hana motar da ba ta da waifa ko fitila yin lodin Asuba. Masu motocin da ke bai wa direbobi haya su sani cewa gyaran hita da sayen robar waifa na cikin kuɗin kula da mota, kamar taya da birki.

Masu amalanke da masu kora dabbobi zuwa kasuwa su ma suna da nasu kason. 'Yar leda mai ƙyalli da aka manna a bayan amalanke, ko tocila a hannun makiyayi, na ba direba ƙarin mitocin da yake buƙata ya taka birki. Iyaye kuma su ja wa yara kunne su riƙa tafiya ta gefen da suke fuskantar motoci masu zuwa, nesa da bakin kwalta, har hazon bana ya wuce.